Uwar Kwankwani

Abarshi na cikin shimfiɗa fatun barewa a bakin rumfarsa a kasuwar Gure sai ya ga mutane suna darewa, suna ba wani raƙumi hanya. Gardawan kumandan ne, dogaran Anasaran da ke mulkin garin, su biyu da jajayen hulunansu, ɗaya na jan akala, ɗaya na biye da bulala a kafaɗa. An labta wa raƙumin dogayen rassa da saiwoyi har suna jan ƙasa. Da farko ya ɗauka itacen girki ne za a kai bariki. Sai wani fure ya faɗo kusa da ƙafarsa, fari mai ɗigon ja a ciki, da dogayen jelu a murɗe kamar zaren da aka tufka. Bai sunkuya ya ɗauka ba. Duk faɗin ƙasar nan wuri ɗaya wannan fure ke fita.

Sarkin Baka Alhasan, shugaban maharban Gure, yana zaune kan turmi a rumfar da ke kusa, ana yi masa aski. Ya ɗaga wa wanzamin hannu ya dakata, ya bi raƙumin da ido har ya sha kwana.

"Ka ga abin da na gani, Abarshi?"

"Na gani, Sarki."

"Mu da muka san wurin nan ba mu da yawa. A cikinmu kuma mutum ɗaya ne ke yawon daji da Malam Ganye."

Ya miƙa wa wanzami kai aka ci gaba da aski.

Kwankwani ne aka tumɓuko, tsiron da maharba ke dafa 'ya'yansa su haɗa dafin kibiya. Ba tsiron ƙasar rairayi ba ne. Kakannin maharban Gure suka zo da shi daga kudu, suka dasa a wani kwari bayan duwatsu inda ruwa ke kusa, ya kama wata tsamiya ya hau. Wannan ta farko ita suke kira Uwa. 'Ya'yanta ba su taɓa tsirowa a wannan ƙasa ba, sai dai a lanƙwaso reshe yana jikinta, a binne tsakiyarsa, ya yi damina guda yana sha daga gare ta, sannan a yanke shi ya tsaya da kansa. Ta haka aka samu duk sauran. Ba a kai baƙo wurin, ko surukin mutum ne.

Abarshi kuwa ya kai baƙo.

Anasaran ya zo ne daga Damagaram bayan kaka, da akwatuna cike da takardun da yake matse ganyaye a tsakaninsu. Ba soja ba ne, ba ya karɓar haraji, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Mutanen gari suka sa masa Malam Ganye. Da aka ba shi Abarshi ya yi masa ja-gora, sai Abarshi ya ga abin da bai taɓa gani ba tun zuwan Anasara ƙasar: farin mutum ya durƙusa a rana yana tambayar sunan haki, a gaya masa, ya maimaita, a gyara masa, ya yi godiya. Wata rana a gaban mutane ya dafa kafaɗar Abarshi ya ce da gurguwar Hausarsa, "Wannan malamina ne."

A wurin maharba wannan kalma ba ta wasa ba ce. Wanda ya kira ka malami, ka amsa, to abin da ya shiga tsakaninku amana ne, ba sai an dafa wani abu an rantse ba. Neman rantsuwa daga ɗalibi ma cin fuska ne. Shi ya sa ranar da Uwa ta yi fure, Abarshi ya kai shi kwarin bai ce masa ya rantse ba.

Ya naɗe fatunsa ya bar wa maƙwabci, ya nufi bariki.

Aisami tafinta na zaune a barandar biro, ofishin kumandan, yana ɓare goro. Bamange ne, tare suka yi ƙuruciya da Abarshi kafin a kama shi a kai shi lakwal, makarantar Anasara.

"A'a, ɗan baka! In fata ka kawo ka juya da abinka. Kumandan ya ce warin ta bara har yanzu bai bar biro ba."

"Aisami, wa ya faɗa?"

Tafinta ya daina murmushi. Ya gusa ya ba shi wuri a benci, amma Abarshi bai zauna ba.

"Ka zauna mana, kana tsaye a kaina kamar mai bin jini."

"Malam Ganye, dukansa aka yi? Tilasta shi aka yi?"

"Wa zai doki Anasara? Suna cin abincin rana ne shi da kumandan, yana ta ba da labari yana murna, har miya na zuba a rigarsa. Ni ma kira na aka yi in faɗi sunan kwarin daidai, don harshensu ya kasa."

"Kai kuma ka faɗa."

"Ni baki ne kawai, Abarshi. Abin da aka zuba mini shi nake fitarwa. Da na yi shiru, gardi zai faɗa, ni kuma in kwana a kaso." Ya tofar da ɓawon goro. "Ka san tun da aka harbi gardin nan a hanyar Kelle da kibiya mai dafi kumandan ke neman inda dafin ke fitowa. Ga shi an kawo masa a faranti. Yau sun tumɓuke ƙananan. Babbar ta gagare su, gobe za su koma da wuta."

"Uwa."

"Ko ma wace ce."

"Tashi ka raka ni wurinsa. Hausarsa ba za ta ɗauki abin da zan faɗa ba."

Masaukin baƙi na bayan bariki. Sun tarar da Malam Ganye a tsakar ɗaki, hannun riga a naɗe, takardu baje ko'ina, ɗakin na ƙanshin busasshen ganye. Yana ganin Abarshi ya miƙe da sauri.

"Malamina! Sannu, sannu. Ka gani? Gardawa, ba kyau. Ba kyau sam!"

Ya juya Faransanci yana magana da zafi, Aisami na bi a baya. Ya ce jahilci ne, ya ce tun da safe ya gaya wa kumandan an lalata abin da ba a gama nazarinsa ba. Sannan ya kama hannun Abarshi ya ja shi bakin taga, ya ɗaga wata takarda mai kauri.

Furen Uwa ne ya zana da launi. Abarshi ya so ya kau da kai, ya kasa. Ga jelun nan a murɗe, ga ɗigon jan nan, har da ɗan lanƙwasar da furen ke yi in rana ta fara zafi. Shi da ya girma yana ganin furen nan bai taɓa lura cewa bakin kowace jela ya fi gindinta duhu ba, sai yau a takarda. Wanda ya zana wannan ya dubi abin da ido na ƙauna. Wannan ne ya fi yi wa Abarshi ciwo. Da maƙiyi ne, da ya san inda zai ajiye shi a zuciyarsa.

"Tambaye shi me ya sa ya gaya wa kumandan."

Anasaran ya buɗe hannuwa, mamaki a fuskarsa. Ya yi dogon bayani.

"Ya ce yabon ku yake yi," in ji Aisami. "Wai kumandan na cewa mutanen ƙasar nan ba su da tarihi, shi kuwa ya ce ga shaida. Tsiron da mazauninsa ke can kudu mai nisa, a same shi a nan, yana nufin mutane ne suka ɗauko shi, suka san yadda za su raya shi zuriya bayan zuriya. Wai wannan tsiro littafi ne na inda kuka fito. Ya ce a ƙasarsu ma likitoci na fitar da maganin ciwon zuciya daga irinsa."

"Tambaye shi, a ƙasarsu, in malami ya nuna wa ɗalibi abu, abin na wane ne?"

Malam Ganye bai yi jinkiri ba.

"Ya ce na kowa ne. Wai a wurinsu wanda ya san abu ya ɓoye, shi ne mai laifi. Ilimin da aka rufe, ranar da mai shi ya mutu ya bi shi."

"Ce masa tun kakanninmu muke rufe da wannan, bai mutu ba. Shi wata bai cika da saninsa ba."

Aisami ya ɗan yi tari kafin ya fassara. Anasaran ya yi ja har kunnuwa. Ya dubi takardar da ke hannunsa, sannan ya ce da Hausa, a hankali, "Ba ka ce mini in ɓoye ba."

Gaskiya ya faɗa. Abarshi ya juya maganar ta kowace fuska bai sami ƙarya a cikinta ba. Mutumin nan bai karya alkawari ba, don bai san ya ɗauka ba. To, wa ya ci amanar? Shi dai ya san an ci, don yana jin wurin a ƙirjinsa.

Malam Ganye ya ɗauki hularsa ya ce su jira shi. Suka ga ya tsallaka filin bariki da sauri ya shiga biro.

"Ka ga abin da ke ba ni tsoro da irinsa?" Aisami ya ce. "Kumandan in ya cuce ka ya san ya cuce ka. Wannan zai cuce ka yana maka addu'a."

Da ya dawo fuskarsa a washe take. Tun daga ƙofa ya fara magana.

"Ya ce ya cece ta," in ji Aisami, bai dubi Abarshi ba. "Kumandan ya yarda ba za a ƙone babbar ba. Za a haƙo ta da ranta, a ba shi, ya kai ta wani lambun gwamnati can bakin teku inda ake renon tsirrai. Amma yau za a yi, gobe da safe ayarinsa zai tashi. Kuma ya ce gardawa kashe ta za su yi in su suka haƙa. Kai yake so."

"Ni in haƙe Uwa."

"In ka ƙi, wuta. Ramin ma bayan an cire ta za su cika shi da wuta da kanwa, kada wani abu ya sake fitowa."

Anasaran na tsaye yana jiran godiya.

Bayan azahar suka isa kwarin, su uku da gardi ɗaya da raƙumi. Abarshi ya rataye bakansa a reshen tsamiya kamar yadda ya saba duk zuwansa. Wurin ya zama ramuka, ga sawun takalma a kan ƙasar da ba a taɓa takawa sai da ƙafa tsirara. Uwa kaɗai ta rage, kaurinta ya kai cinyar namiji, ta naɗe tsamiyar har sama, furanninta na lilo.

Sarkin Baka Alhasan na zaune a gindinta, ya riga su zuwa. Gardi ya daka masa tsawa ya tashi, Malam Ganye ya hana, ya ce a bar tsoho.

Abarshi ya hau tsamiya ya sassare rassan Uwa, ya bar kututture daidai ƙugu. Kowane sara sai farin ruwa ya fito. Ya sauko ya shata da'ira mai faɗi, ya fara haƙa da dagi. Da ramin ya kai masa ƙirji, Alhasan ya matso baki kamar mai taimakawa da kwashe ƙasa, ya sunkuyo.

"Saurara, ƙanena," ya ce ƙasa-ƙasa. "In ka kai ga babbar saiwa, ka sa mata dagi ta ƙarƙashi, inda ƙasa za ta rufe. Ba wanda zai gani. Kafin su kai Damagaram ta bushe."

Abarshi bai ɗago ba.

"Ka yi wannan, ni zan tsaya maka gaban 'yan'uwa. In ce yaudarar ka aka yi, kuma ka rama. In ba ka yi ba, ka san abin da ake yi wa tsirkiyar bakan wanda ya sayar da mu."

"Ita me ta yi, Sarki?"

"Ba ta yi komai ba. Amma tamu ce. Ubanka a nan ya koya maka dafi, nan ni ma aka koya mini. Kana so a kai ta inda za a rataya mata suna da harshen da ba ta sani ba, kowane ɗan iska ya zo ya leƙa ta? Ta mutu a hannunmu mana."

"Kai tsoho, me kake gaya masa?" gardi ya ce.

"Ina ce masa ya yi sauri, ranka ya daɗe, rana na tafiya."

Abarshi ya ci gaba da haƙa har dagi ya taɓa wani abu mai tauri da ba dutse ba. Ya share ƙasar. Ga babbar saiwar nan ta nutsa ƙasa tana bin danshi. Sara ɗaya ya isa. Sara ɗaya, ya koma gida maharbi, ya zauna a da'irar 'yan'uwa ranar dafa dafi, dafin da yanzu babu shi kuma. Anasaran zai buɗe kwando a hanya ya tarar da busasshen itace, ya ji ɗan abin da Abarshi ya ji da safe a kasuwa. Zuciyarsa ta so wannan ƙwarai, har hannunsa ya ƙara damƙe dagin.

Amma a cikinsu duka, shi da Alhasan da Anasara da kumandan, kowa na da abin da zai ce don kare kansa. Ita kaɗai ce ba ta da baki, kuma ita ake shirin sa wa ƙarfe don a huce. Mutanen da suka ɗauko ta daga kudu su ma raba ta suka yi da ƙasarta, suka bi hanya da ita ba su san ko za ta rayu ba.

Ya ajiye dagin a bakin rami. Ya durƙusa ya ci gaba da yatsu, yana bin saiwar a hankali, yana tone ƙasar gefenta har farcensa ya fashe, har ya kai inda ta sirance ta rabu ƙanana cikin laka. Alhasan na kallonsa daga sama. Da ya ga an ajiye dagi, ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

Su uku suka ciccibo ta da ƙasarta, suka sa a babban kwando, Abarshi ya naɗe da jiƙaƙƙiyar tabarma ya ɗaure. Malam Ganye na zagaye kwandon yana shafa shi yana cewa, "Madalla, madalla!"

Alhasan ya je ga tsamiya ya sauko da bakan Abarshi. Ya zaro wuƙa ya sa wa tsirkiyar. Ta tsinke da ƙara, bakan ya miƙe ya zama sanda. Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya kama hanyar gari bai waiwayo ba.

Idon Anasaran ya yi haske. Ya laluba aljihu ya fito da fensir.

"Yana tambaya wace al'ada ce wannan," in ji Aisami. "Wai ko abin da ake yi ne in an cire tsiron."

"Ce masa babu amsa."

Malam Ganye ya yi turus, ya dubi Abarshi, ya dubi tsohon da ke hawa tudu. Ya mayar da fensirin. Can kuma ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"To wai ruwa fa? Yaya zai riƙa ba ta a hanya?"

Gardi ya riga ya fara jan busassun rassa yana turawa cikin ramin. Abarshi ya tsaya yana kallon kwandon, hannuwansa duk laka.

"Kada ya zuba mata a kai. Tabarmar zai riƙa jiƙawa, da sassafe da kuma in rana ta yi sanyi. Kada ya ba ta ruwan rijiya mai kanwa, ko da shi kaɗai ya rage, gara ta yini da ƙishi. In sun sauka, ya ajiye ta a inuwa. Za ta yi kamar ta mutu, kada ya jefar. In ya kai ta, ya dasa ta kusa da babban itace, ba ta iya tsayuwa ita kaɗai."

Anasaran ya saurara da kyau, ya maimaita, Abarshi ya gyara masa wuri ɗaya. Sannan ya kama hannun Abarshi da hannu biyu ya girgiza.

"Na sani za ka gane. Na gode, malamina."

Abarshi ya bar masa hannun har ya gama, bai amsa sunan ba.

Aka ɗora kwandon a raƙumi. Hayaƙi ya fara tashi daga ramin. Malam Ganye na gaba, yana tafe yana tallafe kwandon da hannu duk inda hanya ta karkace. Aisami ya rage tafiya har Abarshi ya cim masa.

"Kai wane irin mutum ne? Na ji abin da tsoho ya gaya maka, kunnena sana'ata ce. To ka ƙi sara, na ji. Amma da ka ce masa ya riƙa ba ta ruwan kanwa safe da yamma, wallahi haka zan fassara, in ƙara masa da gishiri. Me ya sa ka gaya masa gaskiya bayan abin da ya yi maka?"

Abarshi ya goge lakar hannunsa a gefen riga.

"Ita za ta sha ruwan, ba shi ba."